Ba Iya Hansai ce ta yanke cibiyar ba

Assalamu alaikum. A ɓoye sunana, kuma kada a yi saurin yanke mini hukunci. Hannuna ya fi sabawa da ajami, ku yi haƙuri da bokona.

Shekarar da rikici ya sa sojoji suka shigo Kano, Innarmu ta haifi ƙanena Sabi'u a Dukawuya. Hanya a rufe, ungozomarmu Iya Hansai ba ta iso da wuri ba, Inna kuma ta suma. Ni, budurwar da ko leƙen ɗakin haihuwa bai kamace ta ba, na ɗauki reza na yanke cibiya. Da Iya ta iso ta duba, ta ce, "Ni na yanka, kin ji ko?" Ta rufa mini asiri.

Sabi'u ya girma har ya yi iyali. Sai a shekarar tashin bama-bamai ƙasan cibiyarsa ya kumbura, ruwa mai wari yana tsatsowa. Inna ta ce, "Aikin Hansai ne, ta bar masa ciwo a ciki." Maganar ta zaga unguwa, aka daina kiranta karɓar haihuwa. Ina zaune ina ji, ban ce uffan ba. Wane irin tsoron Allah ke nan?

A asibiti likita ya ce wata 'yar hanya ce tsakanin cibiya da mafitsara, wadda kan toshe tun jariri yana ciki. Tasa ba ta toshe duka ba, ta tara ruwa. Halitta ce, ba laifin reza ba. Aka yi masa aiki, ya warke. Na kawo wa Inna bayanin, ta ce, "Likita ya san Hansai ne?"

Bana na kasa daurewa, na je na durƙusa gaban Iya. Ta yi dariya. "Ke Malama, tashi, gwiwarki ba ta yarinya ba ce. Yankanki ya fi nawa kyau. Na yafe, amma kada ki faɗa, uwarki ba za ta iya ɗauka ba."

Tsakanina da ita an gama. Sai dai 'yarta ta gaji sana'ar, kuma har yau ba mai kiranta, ana cewa mugun hannun nan gadon gidansu ne. Inna ta tsufa, ga hawan jini. Na gaji, jama'a. In karya alkawarin Iya ne, ko in ci gaba da gaisawa da 'yarta a hanya? Me zan yi?