Ƙofar da Ta Hana Injin Burodi Shiga

Daga: Mai gidan burodin da ke kallon tashar mota,
Shago mai lamba 6.

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Sashen Ayyuka,
Kamfanin Gyaran Shaguna da Ofisoshi,
Babban Ofishi, Hawa na Biyu.

Litinin, 14 ga Yuli, 2025.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: JANYE MANAJAN AIKINA RANAR 2 GA YULI, DA ZAMAN DA ZA A YI A KANSA RANAR 17 GA YULI

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna lafiya da aiki, ina neman izinin gabatar da kaina. Ni ce matar da ta ba kamfaninku aikin mako uku na mayar da tsohon shagon ɗinki gidan burodi. Ni ce kuma na rubuto muku takardar 1 ga Yuli a kan manajan aikin da kuka turo min, wanda ma'aikata ke kira Malam Dakata don kalmar ba ta barin bakinsa. Ƙorafina na yau ya shafi yadda kuka karɓi waccan takarda, ya kuma shafi wadda ta rubuta ta.

1. An fara aiki ranar Litinin, 23 ga Yuni. Manajan ya iso da littafi da tef na awo, kuma har ya bar wurin ban ga ya ɗauki guduma ba. Awo, waya, tambaya, shi ke nan. Kowace yamma sai ya turo min saƙo mai tsawon gaske a waya. Ina sanar da ofishinku a hukumance cewa layi biyu na farko kawai nake karantawa, in amsa da godiya.

2. Ranar 24 ga Yuni magini ya cire tsohuwar ƙofa, ya faɗaɗa bango. Sabuwar ƙofa tana jingine, kafinta yana tsaye, amma manajan ya hana a saka ta. Kwana goma shagona baki a wangale, an kare da fallen kwano. Mai sayar da magani na maƙwabta har tambayata ya yi ko da mota masu sayen burodi za su riƙa shigowa. Yayata, wadda ba ta taɓa gina ko ɗakin kaji ba, ta ce an raina ni ne don ina mace. Na tambayi manajan dalili. Ya fara bayani, waya ta shigo, na juya masa baya. Da raina ya gama ɓaci na zauna na rubuto muku cewa ba ya tsinana komai sai hana masu aiki aiki.

3. A nan ƙorafina a kanku yake, ranka ya daɗe. Ba ku kira ni ba, ba ku tambaye shi ba, ba ku turo kowa ya leƙa shagon ba. Washegari kuka janye shi. Sakatariyarku ta ce min dama ƙaramin aiki irin wannan ba ya buƙatar manaja, ma'aikata sun san aikinsu. Gaskiya ne sun sani, amma kowa nasa ya sani. Mai fenti ya shafe bango tas ranar Laraba, mai wayarin ya zo ranar Alhamis ya fasa shi don binne waya. Mai tayil ya shimfiɗa ƙasa, mai famfo ya ce bututunsa ta nan zai bi. Kowannensu ni yake kira yana tambayar wa zai fara, ni da iyakar sanina fulawa da yis. Rana guda na ƙirga kira talatin da ɗaya.

4. Ranar Juma'a, 4 ga Yuli, da bakina na umarci kafinta ya saka ƙofa. Ya saka, magini ya cike gefenta da siminti, ta yi kyau har na ɗauki hoto na tura wa yayata. Ranar Talata, 8 ga Yuli, aka kawo injin gasa burodi. Ya fi ƙofar faɗi da inci huɗu. Ƙarti shida suka juya shi ta gefe, suka kishingiɗar da shi, suka cire masa ƙafafu, ko gezau. Yau kwanansa shida a bakin titi a ƙarƙashin tamfol, ruwan sama ya same shi sau biyu, 'yan tasha kuma sun mayar da shi wurin ajiye kofin shayi. Daga ƙarshe sai na koma kan saƙonnin manajan. A saƙon 24 ga Yuni, layi na tara, ya rubuta cewa kada a saka ƙofa sai inji ya shiga. Ya maimaita haka a saƙo huɗu.

5. Duk wannan da sauƙi, don ƙofa ana cire ta a mayar. Abin da ya hana ni sukuni shi ne labarin da kafinta ya ba ni ranar Juma'ar da ta wuce: manajan yana cikin watanni shidansa na gwaji, takardata tana cikin fayil ɗinsa, kuma ranar Alhamis kwamitinku zai zauna ya yanke ko a riƙe shi ko a sallame shi. Wannan mutum ne da, mako guda bayan an cire shi saboda ni, ya turo min saƙo ranar 9 ga Yuli cewa a ɗora injin a kan katako kada ruwa ya shiga wayoyinsa. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan ƙofa ba. Wannan saƙon kam na karanta shi har ƙarshe, kuma kunya ta rufe ni.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon ofishinku ya yi waɗannan:

(a) A cire takardata ta 1 ga Yuli daga fayil ɗinsa. Idan doka ta hana cirewa, a maƙala wannan a samanta, yadda duk mai karantawa zai fara da ita.

(b) A dawo min da shi ya ƙarasa aikin, in har zai yarda ya sake haɗa ido da ni. Na yi alkawarin ajiye waya idan yana magana.

(c) A daina gaya wa masu kawo muku aiki cewa gajeren aiki ba ya buƙatar manaja. Aikin shekara yana da sararin gyara kuskure. Na mako uku, kuskure ɗaya ya cinye shi.

(d) A ba ni izinin halartar zaman ranar Alhamis. Har yau na kasa kiransa in ba shi haƙuri, don ban san da wace kalma zan fara ba, kuma na fi so in faɗa a gaban mutanen da na ɓata shi a wurinsu. Ina tsoron a raba bawan Allah da abincinsa saboda saƙon da ni ce ban karanta ba. Idan kwamiti yana neman wanda ya gaza a wannan aiki, zan iso ƙarfe tara, kuma a kujerar gaba zan zauna.

Ina fatan za ku dubi wannan kuka da gaggawar da kuka dubi na farko. Allah ya ƙara girma, ya sa ku gama lafiya.

Taku cikin girmamawa da nadama,

(sa hannu)
Mai gidan burodin da bai buɗe ba tukuna.