Gashin Auta

Baban Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Inna. Na ba direba wannan takarda ne don a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana.

Albishirinka, kumburin muƙamuƙin Auta ya sauka. Jiya ta tauna burodi har tana yi mini gwalo. Amma likita ya ce ciwon daji ba a yi masa rabin magani, akwai sauran zagaye na ƙarin ruwan nan mai sa ta amai, sai mun yi watanni.

Gadonmu na bakin taga, tagar kuma bango take kallo. Mutum ɗaya ake bari ya yi jinya, don haka daga ni sai kujerar roba. Da ina da abokiyar hira, matar gadon kusa, muna kiranta Mai Fulas don ba ta rabuwa da shayi. Ɗanta irin ciwon Auta gare shi. Nasa kumburin na sauka ta naɗe kayanta, wai ya warke. Sista ta yi ta kiran wayarta, ba ta ɗauka ba. Yanzu ni kaɗai nake shan shayina, kuma wallahi ba ya daɗi.

Gashin Auta ya fara zuba. Tana tara shi a hankici, wai babanta mai aski ne, zai mayar mata. Ga hotonta nan.

Ka gaishe da Inna. Allah ya bar mu tare.

Maman Auta

*

Maman Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na ga hoto, alhamdulillahi, fuskarta ta dawo.

To me kuma kuke jira? Yarinya ta warke, sai a ci gaba da ɗura mata abin da ke sa ta amai? Ni gashi sana'ata ce. Tunda nake riƙe almakashi ban taɓa ganin gashin kan mai lafiya ya zube haka ba. Inna da ta ga hoton kuka ta yi.

Gidan nan ya yi mini girma. Ina cin abinci a shago don kada in zauna a falo in ga takalman makarantarta a bakin ƙofa. Ban iya ɗauke su ba.

Ki haɗa kaya ku biyo direban nan in zai dawo. Na gama magana.

Na gaishe ki.

Mijinki

*

Baban Auta,

Gaisuwa da girmamawa. Na san ka je tasha ka ga mota ta sauke kowa babu mu. Ka yi haƙuri, ka karanta har ƙarshe.

Na haɗa kayan fa. Har na ɗaure bokiti da bargo. Ina cikin neman silifas ɗin Auta a ƙarƙashin gado sai na ji muryar da na sani a baranda. Mai Fulas ce, goye da ɗanta. Baban Auta, ban gane yaron ba. Kumburin ya dawo, ya rufe masa ido ɗaya. Ba su mayar da shi gadonsa ba, ɗakin ƙarshen baranda suka kai shi, wanda ba a barin yara su leƙa.

Na tare Sista na ce ta gaya mini gaskiya. Ta ce, "Mijinki ba aski yake yi ba? In ya aske kai tas, gashin ya ƙare ke nan? Saiwar tana ciki. Kuma in ciwon ya sake tsirowa, sau da yawa maganin farko ba ya kama shi." Ta ce gashin Auta zai dawo in an gama.

Da yamma na kai wa Mai Fulas shayi. Ta riƙe kofin har ya huce. Abin da ta ce kawai shi ne, "Kowa a gida cewa ya yi ya warke."

Tunda muka yi aure ban taɓa ce maka a'a ba. Yau na ce. Kana tsammanin ni ba na kewar gida? Kai takalmanta kake gani, ni ita nake gani tana juya wa madubin banɗaki baya. Sauran gashin ya tsaya mata tsibi-tsibi, ta hana kowa taɓawa, wai sai babanta. In fushi za ka yi, ka yi, amma ba zan fito da ita ba.

Allah ya huci zuciyarka.

Maman Auta

*

Maman Auta,

Sallama. Na karanta har ƙarshe.

Zan rufe shago in biyo motar safe. Ki ce wa Auta ina tafe da injin aski, kada ta bari kowa ya taɓa mata kai. Ki tambayi Sista ko akwai sauran yaran da ke so.

Na yanki tikitin dawowa. Na mutum ɗaya ne.

Ki gaishe da Mai Fulas.

Baban Auta