Motar zuwa Basunda

Talata da dare, Gadarif

Yau na sayi tsohuwar motar nan mai tsayi a hannun wani manomin Gadambaliya. Ta sha tafiya, amma makanike ya ce laka ba ta riƙe ta. Ni kujerunta na duba, za su ɗauke jikokina duka zuwa gonarmu ta Basunda.

Na yanka akuya na yi wa motar karama, wato sadakar godiya, maƙwabta suka ci suka yi addu'a. Sai na kira ɗana Usmanu a waya.

Ya ce, "Mabruk, Baba. Amma wallahi bana ma ba za mu zo ba. Wa zai tuƙa maka?"

Da kowa ya watse na gwada hawa. Gwiwata ta ƙi kai matakin. Na daɗe zaune a ƙasa, jingine da taya.