Ba Zan Tuba da Naman Madawa Ba

Da sunan Allah Mai rahama. Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya zuwa ga mahaifiyata, Inna, ƴar mutanen Azarori, wadda take kwance yanzu gabas da garinmu Ibohaman. Ina fata ƙasa ta yi miki sauƙi, makwanci ya yalwata. Bayan haka:

Yau ne sadakar arba'in ɗinki. Baffa Hamidu, ƙanen mahaifina, ya aiko cewa kafin a raba gumba in tashi a zaure gaban dattawa in nemi gafara saboda tafiyar da na yi da ke Madawa bara. Wai ita ta karya ki, kuma ta zubar da mutuncin gida. Na ce na ji. Zan tashi, amma wannan takarda zan karanta. Don haka ki yi haƙuri, yau ba ke kaɗai kike saurare ba.

Ni ne ɗanki na fari, kuma kin riƙe kunyar ɗan fari yadda har mata suke misali da ke. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni. Na girma, na yi gemu, na ajiye iyali, ba ki taɓa kiran sunana ba, ba ki taɓa ɗaga ido kin dube ni ba. In tuwo ya sauka, tukunya kike gaya wa: "A ce ma mutumen ga tuwo na hucewa." Har baƙar akuyar gidanmu tana da suna a bakinki, ni babu. Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, abin ya ci mini rai.

Ƙannena kike zaunarwa kina ba su labarin Madawa, inda babanki yake kai ki ranar kasuwa kina yarinya. Ki faɗi kilishi a shanye jawur, ki faɗi balangu yana ɗigar da mai a kan garwashi, har su riƙa haɗiyar yawu. Ni ina bayan zana ina haɗiyar nawa.

Sai yanar ido ta fara rufe miki gani. A shekarar ne aka kwashi samari zuwa yaƙin Nasara, aka haɗa da Abdu, ƙanena, wanda shi ne ɗan hirarki. Sauran mata ne, kowace tana ɗakin mijinta. Wata hantsi kina kaɗi a gindin rumbu, ina gyaran ƙotar kalmen noma, babu kowa a tsakar gida sai mu biyu, kika ce wa mazarinki: "Da dai mutum ya ƙara ganin hayaƙin mahautan Madawa kahin hitila ta mutu." Mazari ba shi da jaki, Inna. Na gane da wa kike.

Ke hayaƙi kike so ki gani. Ni abin da ya hana ni sukuni daban ne: in idon nan ya rufe, za ki bar duniya ba ki san kamannin fuskar ɗanki na fari ba.

Da na ɗaura wa jaki akumari, na kwance ragon da na turke don Layya, Baffa ya tare ƙofa. Ban manta maganarsa ba: "Ɗan fari da uwatai bisa hanya guda? Tsohuwa mai jikoki ta ci nama tsakar kasuwa? Ina kunya tat tahi?" Ya ce rago na Allah ne. Ban amsa masa ba ranar, don kina tsaye. Yau zan amsa. Layya tana dawowa kowace shekara, Baffa. Ido in ya tafi ya tafi.

Kin tuna yadda muka yi tafiyar? Ina gaba da igiya, kina bisa jaki, rago yana baya yana gardama. Duk maganar da za ki yi mini, jakin kike gaya wa. A ce masa ya sassauta, a ce masa ƙishirwa ta taso, a tambaye shi ko waccan inuwar gawo ce. Ban taɓa ganin jakin da aka yi wa hira kamar wannan ba.

Gwadaben da muka bi, da hannuna na fasa duwatsunsa lokacin aikin dole, gardi, dogarin Nasara, yana tsaye kaina da bulala. Ban taɓa taka shi don ra'ayin kaina ba sai ranar. Kusa da Buza wani gardi ya tsayar da mu, yana son sanin inda muka nufa da wanda ya aike mu. Na ce babu wanda ya aike mu, nama za mu ci. Ya dube ni, ya dube ki, ya dubi ragon, ya rasa laifin da zai ɗora mana, ya kauce.

A bakin tudu kika sa na tsaya. Kwari ya buɗe a ƙasanmu, itatuwa sun bi shi har iyakar gani. Kika kare rana da tafin hannu, kika daɗe kina ƙifta ido, kina ɗiban abin da ya samu. A Deule mata suka dama mana fura. A Buza kika ga gidaje a kan dutse, kika ce mutanen nan ba su da tausayin masu ɗebo ruwa. A nan ne kuma kamiyo, babbar motar kaya, ya wuce mu, motar farko da kika taɓa gani, kika toshe hanci kika gaya wa jaki: "Ko taure bai kai warinai ba." Na yi dariya har igiya ta kuɓuce mini, na kuma ji kina taya ni a cikin mayafi.

Azarori ba ta yi mana daɗi ba. Gidan babanki ya zama gonar wani, danginki sun watse kudu tun shekarar da fara ta cinye hatsi. Rijiya kawai kika gane. Kika shafa itacen bakinta inda igiyar guga ta ci, kika ce a tafi.

Mun shiga Madawa ranar kasuwa, ta cikin goruba, tsakanin masu tabarmi da masu albasa. Hancinki ya riga idonki isa. Ga kilishi a shanye kamar yadda kika faɗa, ga hayaƙi, ga ƙarar wuƙa a kan katako. Na sayar wa wani tsohon mahauci ragon, da sharaɗin a jikinsa zai gasa mana rabonmu. Da ya lura haƙoranki sun yi saura kaɗan, ya yanka miki ƙanana ƙanana, ya barbaɗa ƙuli da yaji, ya kawo a faifai.

Kika zauna yadda kika saba, kin ba ni baya, kin ja mayafi. Na ce a raina shi ke nan, na kawo ta, ta ga hayaƙinta, ni kuwa zan koma yadda na zo. Sai mahaucin ya ce, "Inna, wanga ɗanki na?" Kika ƙara jan mayafi. Ya koma kan wutarsa. Can kika yi magana, ba da jaki ba, ba da faifai ba: "Garin ga babu wanda ya san mu."

Kika juyo. Kika kama haɓata da hannun da ke da mai da yaji, kika jawo ni har ina jin numfashinki, kika karkata fuskata wajen rana. Kika duba goshi, kika duba hanci, kika duba tabon bulala da ke gefen wuyana, ba ki yi sauri ba. Sannan kika ce, "Ashe kunnuwan ubanka kad ɗauko, Allah sarki." Kika tura faifan gabana. "Illiyasu, ci, kada shi huce."

Na yi kuka a tsakiyar kasuwar Madawa, da gemuna. Ga yaji a kusa da zan iya ɗora wa laifi, ban ɗora masa ba.

Da muka dawo, muna hango rumbunan Ibohaman kika ja mayafi, na koma mutumen ga. Ban ji ciwo ba ko kaɗan. Kafin ruwan farko idon ya rufe gaba ɗaya. Amma in na zo gaishe ki da safe, na ga kina juyo da fuska daidai inda nake, kamar mai duban abin da ta sani. Zazzaɓin da ya ɗauke ki bayan kaka ya ɗauki ƙarti a garin nan waɗanda ba su taɓa wuce bakin gonarsu ba. Kada wanda ya ɗora wa jakina.

Wannan ne Baffa bai sani ba, yau ya sani. In faɗarsa a zaure ta ba ki kunya, ki yafe mini wannan kaɗai. Amma tafiyar, da ragon, da naman, ba zan nemi gafarar kowa a kansu ba. Da za a maido ki da ido ɗaya mai gani dishi-dishi, da gobe zan sake ɗaura akumari, ko Baffa ya kwanta a bakin ƙofa.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya maido miki da ganinki tangaran. Allah Ya dawo mana da Abdu lafiya. Ya sada mu a gidan da babu kunyar ɗan fari, inda za ki kira ni gaban kowa in amsa.

Naki, wanda kika kira sau ɗaya kuma ya ishe shi,
Illiyasu