Lissafin da Na Goge

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki? Umma na gaishe ki.

Yaya, na gaji. Jiya aka raba mana takardun lissafi, na ci arba'in da bakwai, hamsin ake nema. A kan maki uku zan maimaita aji, in zauna da ƙannen ƙawayena. Ban gaya wa Umma ba.

Tambayar ƙarshe mai maki goma ce. Wallahi na bi hanyarta daidai har layi takwas, a na ƙarshe na kuskure. Malama takan ba da maki a kan kowane mataki, wadda ke zama a gabana ma ba ta samu amsar ba, amma ta tashi da shida. Ni kuwa kin san halina. Da fensir nake aiki, in na gama in goge tas, in bar amsa kaɗai da biro, don kada a ga yadda na yi ta kame-kame. Sifili ta ba ni.

A littattafan da nake karantawa, a irin nan ne yarinya ke sumewa wani ya tare ta. Ni kam na tsaya ƙofar ofishin malamai har aka buga ƙararrawa, ko sallama na kasa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Ina amsawa, ki gaishe min da Umma.

Tun safe nake tsaye a kantin maganin nan, don haka a taƙaice. Mu a nan babu rabin maki. In na ba yaro maganin babba, ba mai tambayar hanyar da na bi. Amma ke koyo kike yi, ba a kai ki nan ba tukuna.

Tunda baki ya gagara, rubuta wa Malamar, ai a nan kika fi kauri. Ki kuma gaya wa Umma kafin ta ji a bakin maƙwabta. Littafin soyayyar da kike cusawa cikin na lissafi kuwa, za mu yi maganarsa in na zo.

Yayarki

*

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa cikin girmamawa, Allah ya ƙara lafiya.

Ni ce mai zama a kujerar ƙarshe kusa da taga. Ga takardata na haɗo. Don Allah ki ɗaga ta a haske, ina danna fensir da ƙarfi, sawun aikin yana nan. Ko maki uku ne. Ki yi haƙuri da damuwa.

Ɗalibarki

*

'Yata,

Wa'alaikumus salam.

Na ɗaga. Layi biyar na iya karantawa, sauran gogewa ta cinye. Takarda ɗari da saba'in na duba a makon nan, idona bai da sauran ƙarfi.

Ba zan ba da maki a kan abin da kika janye da hannunki ba. In na yi miki, gobe aji uku za su yi min layi a bakin taga. Amma na ga kin san hanya. Litinin waɗanda rashin lafiya ya hana za su rubuta tasu jarrabawar, shugaban makaranta ya yarda ki zauna da su. Biro kaɗai za ki shigo da shi.

Allah ya taimaka.
Malamarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ya tsayuwa?

Na rubuta. Takardar ta yi kaca-kaca, na soke layi ya fi goma, duk inda na ɓata a fili yake. Da na zo miƙawa sai da Malama ta ja sau biyu kafin na saki.

Sakamako sai Alhamis. Na gaya wa Umma komai tana ninke kaya. Sai ta ce in kama mata bakin zanin gado.

Ki sa ni a addu'a.
Auta