Furanni Huɗu Don Ulyana

Kineshma,
9 ga Nuwamba.

Zuwa ga Yaya Antonina,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigida Yefim. Allah ya sa ciwon gwiwar nan ya sassauta, ya raba ku da sanyin Magadan lafiya. Mu nan kogi ya fara daskarewa. Na kwashe dankalina kafin ƙanƙara, kuma jikar maƙwabciyata Kilava ta haihu, namiji.

Yaya, ke kika matsa mini in je in kalli fim ɗin da 'yata Ulyana ta shirya, kika ce shekara tara ba magana ya isa. To, na je, sai ki saurara. Ita da kanta ta aiko mini da katin gayyata, aka zaunar da ni a layin gaba na gidan siniman garinmu, rabin ma'aikatan tsohuwar masaƙarmu suna bayana. Ana kashe fitila sai ga kicin ɗina a bango, har labulen nan mai zanen zakara. Sai ga wata mata mai fuskar shanu tana cusa kokwamba a kwalabe, waya tana ta ƙara daga asibiti. Ta ɗauka, aka ce mijinta ya cika, ta ajiye, ta ci gaba da murɗa murfi. Aka binne shi ba ta gaya wa 'yarta ba. Na ji Kilava a bayana tana raɗa wa ta kusa da ita cewa wallahi Rimma ce, har tafiyar. Kunya kamar in nutse!

Ke shaida ce, Yaya. Na ɓoye mata mutuwar mahaifinta Arkadi kwana biyar don tana tsakiyar jarrabawar shiga makarantar fim a Mosko. Da na faɗa mata, da yau tana masaƙa tana tarin auduga kamar ni. Kokwambar kuwa, da ita muka ci dankali duk hunturun nan. Wannan bai shiga fim ba. Kukan da na yi a banɗaki, famfo a buɗe, shi ma bai shiga ba, don ba ta taɓa tambaya ba.

Kada ki ɗauka ban shirya ba. Tun a jarida na ji ƙishin-ƙishin abin da ke ciki, don haka na tsaya wajen mai furanni a bakin kasuwa na ce ta ba ni jajaye guda huɗu. Ta tambaye ni wa ya rasu, don kin san mamaci ake kai wa huɗu, na ce ta naɗe kawai. Na ɓoye su cikin riga, na ce idan fim ɗin ya yi mini adalci zan yar da ɗaya in ba ta uku, kamar yadda ake ba mai rai.

Da aka gama, mutane suna tafi, Ulyana ta sauko daga dandamali ta nufo ni. Ta rame, har furfura ta fara, idonta cike da hawaye. Ta ce Mama, ba ta yi don ta tozarta ni ba, ta yi ne don ba ta san wata hanyar yi mini magana ba. Na miƙa mata furannin. Ta duba, na ga leɓenta yana ƙirgawa. Kowa a wajen ya ga huɗu ne, irin na kan kabari.

Yarinyar nan akwai wayo. Ta zare ɗaya ta miƙo mini, ta ce ga nawa ɗaya, nata uku, kowa ya zama mai rai ke nan. Na zura hannuwana cikin aljihu, na ce ita ta fara binne ni a gaban gari, ni ramawa na yi. Ta daɗe a tsaye da hannu a miƙe, sannan ta mayar da shi cikin sauran. Ta bi jirgin ƙasa na yamma.

Na san za ki ce ba ni da imani. Ki faɗa. Abin da nake roƙo shi ne ki daina ba ni labarinta. Shekaranjiya na je share kabarin Arkadi, na tarar da furannin nan a kai, sun daskare. Uku ne. Na tone ƙanƙara da hannu ina neman na huɗun, ban gan shi ba, kuma ba zan tambaye ta ba.

Ki gaida Yefim, da Gileb da matarsa Lada, da Inna Serafima idan tana gane mutane.

Ƙanwarki,
Rimma