Daɓen Ƙasar Suri

Zuwa ga Yaya Lawali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina roƙon Allah ya yalwata makwancinka. Shekara ashirin da biyu ke nan rabona da Kaura Namoda. Ko jana'izarka ban zo ba, kuma ka fi kowa sanin dalili.

Ɗanka Bello ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ya aiko min da kaset ta hannun wani direban shanu, har nan Fatakwal inda nake gadin sito. Ya ce tunda an ba mu jiharmu, shi da samarin Bayan Tasha suna so su tayar da kulob ɗin kurket da ka kafa. Abu biyu yake nema a wurina: in gaya masa daidai inda daɓen wasanmu yake, don ciyawa ta rufe shi, in kuma aika masa da muciyarka. Ashe ba ka taɓa ba shi labarin ba. Ka bar min wannan ma.

Ka tuna Mista Kol, akawun tashar jirgin ƙasa, ɗan Saliyo? Bayan samun 'yancin kai, da abokan wasansa suka watse, shi ya tara mu ya koya mana. Turaku uku nan, uku can, ɗaya ya jefo jar ƙwallo mai tauri kamar goruba, ɗaya ya tare da faffaɗan katako. Kai ka raɗa wa katakon suna muciya, har Inna ta ce in tuƙin tuwo kake so ga tukunya nan. Masu wasan su ne leburorin tasha, malaman firamare biyu, 'yan garin Ɗan Isa da ke zuwa a keke. Wani tela ɗan Shinkafi ya ɗinka mana fararen kaya da buhun fulawa, tambarin yana nan a ɗuwawun kowa.

Ba zan zalunce ka ba, Yaya. Ba don kai ba da ba a yi kulob ɗin nan ba, kuma ban taɓa jin daɗi irin na shekarun farko ba.

Amma filinmu yashi ne, ƙwallo ba ta tashi. Mista Kol ya ce a ƙasarsu da ƙasar suri ake yin daɓe, don gara ta riga ta kwaɓa ta. Shi baƙo ne, ban ga laifinsa ba. Mu ne muka san babban surin nan na gindin tsamiya, wanda ko mai neman itace ba ya kusanta, wanda tsofaffi ke zuba wa nono kafin su nome gefensa. Kai ka ce bisimilla ta isa, ka ɗora masa diga. Wata tsohuwa, Mairi mai fura, ta tsaya da ƙwarya a ka, ta ce, “Ku da kunka rushe masu gida, ina za su kwana?”

Daɓe ya yi kyau. Mun shimfiɗa shi kudu da arewa don kada rana ta kashe mana ido, dogo, ya ɗan tasa, ga turaku a kai da ƙafa. Ranar kasuwa wasu fatake daga Zurmi suka tsaya, suka cire takalma, suka yi masa addu'a, sun ɗauka kabari ne. Mun yi dariya har da faɗuwa. Yanzu ba na yi.

Daga nan sai mu iske daɓen da safe a share, da danshi, alhali ba wanda ya zuba ruwa. In ƙwallo ta shige duhuwar tsamiya, ba ma bin ta. Takan dawo da kanta, tana gangarowa a hankali, ta tsaya a ƙafar mai jifa.

Ranar da 'yan Gusau suka zo, alƙalin wasa ya tsayar da mu wajen la'asar, ya ce masu tsaron filinmu sun yi yawa da mutum ɗaya. Duk muka juya. Yana can gindin tsamiya cikin fararen kaya, ya ba mu baya. Ka ce, “Ku ƙyale shi, shi kaɗai ne bai taɓa yar da ƙwallo ba.” Aka yi 'yar dariya, da muka sake dubawa babu kowa.

Bayan nan ka fara zuwa filin da tsakar rana, kai kaɗai. Na bi ka wata rana, na laɓe bayan taragon gyaɗa. Ka yi gudu, ka jefa ƙwallo, na ji ƙwas! Ƙarar katako sosai. Muciya kuwa na baro ta ƙarƙashin gadona.

Da aka kai ka asibiti, likita ya ce ciwon taɓin hankali ne irin na kawunmu. Mai yiwuwa ne. Amma ni ba ni da ciwon, kuma na ji.

Inna ta naɗe muciyar a zane ta miƙa min. Ta ce kada in ƙone ta, kada in yar, in kai ta inda jirgi ya ƙare. Na kawo ta nan Fatakwal. Ka samu sauƙi, ka yi aure, ka haifi Bello, ka ƙara shekara goma sha uku a cikin dangi. Ni kuwa duk ɗakin da na kama haya, ba a wata guda gara ta fito, ko da siminti ne. Ta ci akwatina, ta ci tabarma, ta ci ƙyaure. Muciya tana jingine a bango, ko ƙwarzane babu. Da wannan zan koma gida? Na yi fushi da kai, Yaya, fushi mai tsawo. Na gaji da shi yanzu.

Bello a filin ya ɗauki kaset ɗin. Muryarsa taka ce sak. Yana cewa, “Baba Ƙarami, ga ni nan ni ɗaya, rana ta take, ko akuya babu.” Sai a bayansa na ji ƙwas. Na mayar da kaset baya, na sake ji. Shi bai ko dakata ba.

Don haka na ba direban amsa. Ba zan faɗi wurin ba, muciya kuma tana nan inda Inna ta ce. Na ce wasan ba shi da laifi, su yi abinsu a filin makaranta, su shimfiɗa tabarma a kan yashi. Na ce kada ya sake taka gindin tsamiyar nan. In taurin kanka ya gada, ka taya ni roƙon Allah daga inda kake, don ni daga nan murya kawai nake da ita.

Allah ya gafarta maka, ya gafarta wa Inna, ya tsare yaron nan daga abin da muke gani da wanda ba ma gani. Na yafe maka, duniya da lahira.

Abin da na iya tsirarwa a shekarun nan ba shi da yawa: butar ƙarfe ɗaya, rediyo ɗaya, riga biyu da ke rataye a waya. Sai ɗanka, in ya ji magana.

Ƙanenka,
Ummaru